Bindigar da Ta Fi Ƙarfin Hannuna

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, muna zaune a Clinton ta jihar Maryland, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya tilo, wadda take aji na farko a babbar sakandare. Maigidana direban tirela ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a Silver Spring, amma kafin mu zo Amurka na yi shekaru ina karanta labarai a wani gidan rediyo a ƙasarmu. Na bar aikin, kunnensa bai bar ni ba. Ba na iya jin an karya Hausa in yi shiru. 'Yata ta taso tana jin Hausa sarai, amma duk sanda ta buɗe baki sai na tsayar da ita na gyara mata wata kalma, har ta gaji ta koma amsa mini da Turanci. Ni a lokacin na ɗauka halin yaran nan ƙasar ne kawai.

Gidajen layinmu a manne suke da juna. Wadda muke haɗa bango da ita wata Hajiya ce 'yar zangon Kumasi, ta girme ni, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu a wasu jihohi. Mace ce mai dariya da ƙarfi da hannun kyauta, ba ta dafa wake da shinkafa irin nasu ba tare da ta miƙo mana ta kan shinge ba. Hausarta irin ta zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji: kowa "ka" ne, komai "shi" ne. Takan kira ni Malama Rediyo, ta ce in yi haƙuri, Hausarta ta sha ruwan teku kafin ta iso. Ina yi mata dariya a fuska, a zuci kuma ina raina harshen nata. Abin da ya fara cizona shi ne ranar da na ji 'yata ta bango tana zuba hira da ita da Hausa, tana kiranta Anti, tana dariya, kuma da irin Hausar zangon. Yarinyar da ba ta haɗa mini jimla biyu.

Wata ranar Talata da la'asar, ina wurin aiki, wani ya fasa gilashin ƙofarmu ta baya. 'Yata ta dawo daga makaranta ke nan, tana sama ita kaɗai. Ta shige banɗaki ta kulle, ta kira Hajiya. Hajiya ta kira 'yan sanda, sannan ta fito bayan gidanta ta tsaya a gefen shinge tana ƙwala wa mutumin tsawa, ya ga abin da ke hannunta ya tsallake ya gudu. Ranar na san tana da bindiga, ƙarama, da lasisinta, tun bayan rasuwar mijinta. Sanda na iso gida 'yata tana zaune a falon Hajiya, ta kwantar da kai a kafaɗarta, an rufa mata zane. Na yi godiya kamar yadda ya kamata. Amma da muka koma gida, tambayar farko da na yi wa 'yata ba ko ta ji ciwo ba ce. Cewa na yi me ya sa ba ni ta kira ba. Ta dube ni ta ce Anti ce a kusa, ta hau sama.

Daga nan labarin ya zagaya. A wurin suna, a masallaci, a kantin kayan miya, mata sai su tare ni su ce ashe Allah ya ba ni maƙwabciya namijin duniya. Maigidana ya kira daga hanya ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta tunda Hajiya tana nan, in gaishe ta da kyau. Kowace kalma a cikin waɗannan gaskiya ce, kuma kowacce sai ta soke ni. Ina kwance ina jin motsin Hajiya ta bango, ina tunanin cewa a ranar da 'yata ta fi tsorata a rayuwarta, sunan wata ne ya zo mata a baki. Da na gaya wa maigidana ina son in mallaki bindiga saboda tsaron gida, ya yarda nan take, don dalilin a bayyane yake: gilashin da aka fasa ko gyara shi ba a gama ba. Ni ma haka na gaya wa kaina.

A Maryland ba a shiga kanti a fito da ƙaramar bindiga kamar an sayi burodi. Sai an yi darasi, a ɗauki zanen yatsu, a bincika mutum, a ba shi lasisi, bayan ya saya ma ya jira kafin a miƙa masa. Na bi duk wannan ba tare da na gaya wa Hajiya ba, amma 'yata ta gaya mata. Hajiya ta leƙo ta kan shinge tana murna, ta ce in tsaya ta raka ni ranar zaɓen bindigar, don ita ma ta sha wahala kafin ta gane wadda ta dace da ita. Ta ce bindiga kamar takalmi ne, ba a sayensa da awon ƙafar maƙwabci. Ta kama hannuna ta juya shi tana dariya, ta ce wannan hannun na riƙe takardar labarai ne, in nemi mai sauƙi. Na janye hannuna na ce na gode, na riga na yi bincikena. Abin da na riƙe daga maganarta duka shi ne ta ce hannuna ƙarami ne.

Mai kantin wata Ba'amurkiya ce dattijuwa, ba ta da gaggawa. Ta tambaye ni ko ta ajiyewa a gida nake so, ko akwai yara, ko na tanadi akwatin kullewa. Ta jera mini guda huɗu a kan gilashi, duk babu harsashi, ta ce in riƙe kowacce in ga ko yatsana yana kaiwa kunama, wadda ake ja a harba, ba tare da na karkata hannu ba, in kuma gwada ja da saman bindigar baya, wanda shi ke ɗora harsashi. Ta biyu ta zauna a tafina kamar don ni aka ƙera ta. Na sani a lokacin, ba daga baya ba. Amma girmanta kusan ɗaya da ta Hajiya, sai na ture ta. Na nuna wata babba baƙa a can ƙasa, mai kaurin mariƙi, wadda sai da na haɗa hannu biyu da cije leɓe kafin na ja samanta. Matar ta ce wannan za ta wahalar da ni, kuma bindigar da ba a riƙe ta da ƙarfi tana yawan cijewa ta ƙi tashi. Na ce mata zan saba. Ta ce kuɗina ne, amma in yi mata alkawarin zan je in koya da malami kafin in dogara da ita. Na yi alkawarin da na san ba zan cika ba, domin ba koyo nake so ba, so nake a gan ni.

Ranar Asabar ta farko bayan na karɓo ta, na ce wa 'yata ta shirya ta raka ni wurin gwajin harbi. Ba ta so, ta ce tana da aikin makaranta, kuma ƙarar tana tayar mata da hankali tun ranar gilashin. Na ce ai da Antinta ce ta kira ta da tuni ta sa takalmi. Ta sa takalmin ta bi ni. Aka ba mu abin toshe kunne da tabarau, mai kula da wurin ya maimaita mana dokar da na riga na ji a darasi, cewa bakin bindiga ba ya barin fuskantar takardar da ake harbi, ko da me ya faru. Na tsaya a layina, 'yata tana bayana kaɗan. A darasi da ƙaramar bindigar aro na yi harbi, wannan ban taɓa tayar da ita ba. Harbin farko ta daki hannuna har gwiwar hannu, ban ma san inda harsashin ya tafi ba. Na biyu ya taɓa gefen takardar. A na uku na ja kunama, shiru. Na sake ja, shiru. Kunya ta rufe ni, don na san 'yata tana kallo, sai na juyo gaba ɗaya in nemi mai kula da wurin, bindigar tana hannuna, yatsana yana kan kunama, bakinta yana daidai cikin 'yata.

Ta ɗaga hannu biyu ta ƙwala ihu da Hausa, ta ce, "Mama, ka aje shi!" Wannan ce Hausar farko da ta yi mini ba tare da na tilasta mata ba cikin shekaru. Ni kuma, ina riƙe da bindiga a kan 'yar da na haifa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki ajiye ta ake cewa." Ban yi tunani ba, kunnena ne ya ji Hausar Hajiya a bakin 'yata, ya amsa kafin hankalina. Mai kula da wurin ya damƙi hannuna ya mayar da shi gaba, ya karɓe bindigar, ya buɗe ta, harsashi mai rai ya faɗo a kan teburin. Ban sani ba ko za ta tashi da na sake jan kunamar. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce ba. Ya dai ce mu tattara mu fita, kuma ya yi daidai.

A mota ba ta yi kuka ba, shi ya fi tsorata ni. Muna isa ta wuce ƙofarmu ta ƙwanƙwasa ta Hajiya. Na zauna a falo ni kaɗai da akwatin bindigar a gabana har aka kira magariba a wayata. Bayan salla Hajiya ta shigo ba dariya. Na yi zaton za ta yi mini faɗa, na ma shirya amsa. Sai ta zauna ta ce yarinyar ta ci abinci, ta yi barci, in bar ta a can kwana biyu. Ta ce akwai abin da ya kamata in sani, ko da zai yi mini ɗaci. Ranar gilashin, yarinyar lambata ta fara dubawa, amma ta tuna wayata tana kulle a akwatin ajiyar kayan ma'aikata a wurin aiki, ta kuma tuna ni da kaina na ce mata idan wani abu ya taso ta kira Anti. Wallahi na manta na taɓa faɗin haka. Sannan ta ce yarinyar ta gaya mata cewa idan ta tsorata Turanci guduwa yake daga kanta, Hausa ce take zuwa, kuma a banɗakin nan tana raɗa, ba ta da ƙarfin da za a tsayar da ita a gyara mata magana. Hajiya ta ce ita ba ta ƙwace mini 'ya ba, ita dai ba ta da jan biro ne.

Na mayar da bindigar kantin, matar ta karɓa a kan asara, ba ta ce mini ai na gaya miki ba. Na gaya wa maigidana komai, har da kalmar da na faɗa. 'Yata ta dawo gida bayan kwanakin da Hajiya ta nema, na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, da Turanci. Sai da aka yi kusan shekara kafin na sake maganar bindiga, kuma wannan karon sai da na tambayi 'yata ko ta amince a ajiye ta a gidan da take kwana. Hajiya ta raka ni, na ɗauki irin wadda na ture a farko, na yi makonni ina koyo da malama kafin ta shigo gida, tana kulle a akwatinta ban taɓa buƙatarta ba. 'Yata yanzu tana jami'a. Tana kirana, muna hira, tana yi mini biyayya. Amma idan jarrabawa ta tsananta ko zazzaɓi ya kama ta, Hajiya ce take fara ji, ni sai a bakinta nake samun labari. Har yau yana yi mini zafi. Na dai koyi in ce alhamdulillahi da akwai wadda take kira.

Ban rubuto wannan don in hana wata mace mallakar abin kare kanta ba. Mu da mazajenmu suke kwana a hanya mun san abin da ake ji idan ƙofa ta yi motsi. Amma 'yar'uwa, kafin ki miƙa hannu ki nuna bindigar da kike so a kanti, ki tsaya ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, wa kike son ya gani. Idan amsar ɓarawo ce, ki zaɓi wadda hannunki zai iya, ki koya har ta daina ba ki kunya ko tsoro, ki kulle ta, ki saurari waɗanda suka riga ki. Idan kuwa fuskar wata ce ta zo miki, maƙwabciya ko ƙawa ko dangin miji, to ki mayar da hannunki cikin mayafi ki koma gida, don kishi ba ya iya saiti, kuma wanda ya fi kusa da ke shi ne a gaban bakin bindigar. Ni Allah ya rufa mini asiri ban harbi 'yata ba. Amma na tsaya a gabanta da bindiga tana roƙona, na zaɓi in gyara mata magana, kuma wannan babu kantin da zai karɓe shi daga hannuna.