Bencin Ƙofar Malam

Akwai wani bencin katako a ƙofar ofishin Malam, cikin gidan da kamfaninmu ya kama haya a GRA. Ni ce sanadin da aka daina zama a kansa. Har yau ba a yafe mini ba, ni kuma har yau ban ga abin da za a yafe ɗin ba.

Malam shi ne babban injiniyanmu. Amma tun kafin nan aminin mahaifina ne, tare suka tashi a Ƙofar Guga. Da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mana. Shi ya fara zaunar da ni gaban kwamfuta ina 'yar sakandare, shi ya yi mini waliyyi, shi ya kawo ni kamfanin. A gida Baba nake ce masa, a ofis Malam. Shi kuwa ko a ina ne, ko gaban baƙi, “ɗiyata” yake ce mini. Ba ni da sauran wani namiji a duniya mai kirana haka, kuma ban taɓa zaton abu ne da ake iya karɓewa daga hannun mutum ba.

Aikinmu manhaja ce da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen tura wa marasa lafiya sakamakon gwaji ta waya. Kafin saƙo ɗaya ya isa ga mai shi, sai ya ratsa na'urori da dama: wannan ta tantance mutumin, waccan ta nemo sakamakon, wata ta tura. In ya maƙale a hanya, ina za a nemo shi? Saboda haka Malam ya gina abin da muke kira tsarin bin sawu. Tun daga farko ake manna wa kowane saƙo lamba, kamar yadda ake yi wa buhun hatsi alama a kasuwa, duk na'urar da ya bi ta kanta sai ta rubuta cewa ya iso, ya daɗe kaza, ya wuce. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ko yanzu da raina yake a ɓace ba zan ce ba haka ba.

Masu rubuta manhajar asibitocin suna haɗa nasu aikin da namu ne ta abin da ake kira API, wato ƙa'idojin yadda manhajarsu za ta yi magana da tamu. Shafin da aka ce shi zai yi musu bayanin ƙa'idojin nan kuwa, Allah na tuba, gara a ce babu shi. Bai faɗi gurbin da ake saka lambar ba. Bai faɗi cewa in na'ura ɗaya ta ƙi miƙa lambar ga ta gaba, sawun ya yanke ke nan ba. Misalin da ke ciki, in ka kwafa, ba ya aiki. Kowane sashe da jimla ɗaya yake ƙarewa: a tuntuɓi babban injiniya.

To, nan ne benci ya samu aikin yi. Duk mai tambaya sai ya zo ya zauna ya jira. In layi ya zo kanka, ka cire takalmi, ka shiga, ka rusuna. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya jikin Hajiya, ya muka ji da zafin nan. Malam ba ya karɓar gaisuwar tsaye. Sai ya tambaye ka unguwarku, ya gano kakanka, ya tsiyaya maka shayi daga filas. Bayan duk wannan ne zai miƙe ya zana maka amsarka a allo, sau da yawa amsar ba ta wuce layi guda ba. Mutane na fita suna sa masa albarka. Ni ma na sha zama a bencin nan, kuma a lokacin ban ga aibunsa ba.

Ranar da na gani, wata mata ce ta taso tun daga Funtuwa, mai rubuta wa wani asibiti manhaja, da goyonta a baya. Aka ce mata Malam ya tafi ta'aziyya. Ta ce za ta jira. Ta jira har la'asar, yaron na ta tsala kuka, ita tana jijjiga shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kwamfuta. Na matsa na tambaye ta damuwarta. Ta ce sakamakon masu awon ciki ne ba ya isa gare su, ta duba sawun saƙonnin ta tarar wasu sun ɓace ɓat, ta rasa inda za ta kama. Ni da nake cikin gidan, rabin amsar kawai na sani. Haka ta tattara ta koma tasha. Washegari na tambayi Malam, ya yi dariya ya ce ai tsarin ba kowane sawu yake ajiyewa ba, sai an saka masa wata alama. Ikon Allah! Don wannan mace ta wuni a kan katako?

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani, amma ban yi gaban kaina ba. Na shiga, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, “Malam, ina neman izini in gyara shafin bayanin nan.”

Ya ce, “Wane shafi kuma? Au, wancan? Wa ke karanta shi? Yi mana, ɗiyata, in kina da lokacin ɓatawa.”

Da bakinsa ya faɗa, akwai shaidu.

Makonnin da suka biyo baya, abin takaicin, su ne mafi daɗin zamana da shi. Kullum bayan azahar ina gabansa ina tambaya, yana zuba. Me ya sa ake auna lokaci da wannan ma'auni ba wancan ba? In tsarin ya mayar da kuskure kaza, me mutum zai duba? Yana jin daɗin tambayoyin har ya manta da shayinsa. Wani lokaci ya ce, “Ubanki ma haka yake da naci.” Ni kuma in koma tebur in rubuta. Kowane misali sai na gwada shi da hannuna ya yi aiki kafin in saka. Na zana hanyar saƙo daga na'ura zuwa na'ura. Na ware sashe guda na abin da za a yi in sawu ya ɓace, matar Funtuwa ce a raina ina rubuta shi. A saman shafin na sa cewa duk ilimin da ke ciki daga babban injiniya ne. Jimlar nan ta a tuntuɓe shi kuwa na goge ta ko'ina, don ba a bukatarta kuma.

Aka saki shafin. Ba a jima ba benci ya fara ragewa, har ya zama wayam. Sai in wuce in ga Malam ya bar ƙofa a buɗe, filas cike, kofuna a kife. Na ɗauka hutu ya samu.

Sai ranar taron ma'aikata. Manajanmu, wani matashi ɗan manyan gida mai son a ji muryarsa, ya tashi yana yabon shafin. Yabon bai ishe shi ba sai da ya ƙara da cewa, “Yanzu alhamdu lillahi, ko Malam ba ya nan aiki zai tafi.” Aka tafa. Wasu har da dariya. Na kalli Malam, yana murmushi yana gyara zaman hularsa, ni kuwa ban tafa ba, don na san murmushin nan tun ina yarinya.

Daga ranar komai ya canza. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na shiga gaishe shi, sai ya amsa idonsa na kan kwamfuta. Na ce masa maganar manaja ba ta yi mini daɗi ba, na ba shi haƙuri. Ya ce, “Ai ba komai.” Duk wanda ya tashi a garin nan ya san nauyin “ba komai” in ta fito daga bakin babba.

Bayan kwana biyu manajan ya kira ni gefe, yana wani sosa ƙeya. Wai ko zan ɗan sauke shafin, a ce ana sake dubawa, hankalin dattijo ya kwanta. Ba dole ba ne fa, in ji shi, shawara ce. Na ce, “Kai ka yi katoɓarar, ni ce zan biya?” Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Ya san asibitocin na son shafin, ba zai taɓa shi da hannunsa ba, so yake in yi da nawa.

Mahaifiyata ma da ta ji labari ba ta tsaya jin bayanin wani sawu ba. Ta ce, “Mutumin da ya riƙe ku? Ki cire abin nan, ko mene ne shi.” Na ce, “Umma, mata masu ciki ne fa ke jiran sakamako.” Ta ce, “Da can da babu shi mutuwa suka yi?” Na yi kwanaki ina juya maganar, na buɗe wurin da ake sauke shafin ya fi a ƙirga, dannawa ɗaya ce. Sai in tuna yaron nan yana kuka a kan benci. Ban sauke ba. Ba jarumta ba ce, haushi ne ya hana ni: a ce sai mutane sun wahala kafin a gane girman mutum? Girman nasa ai yana nan, ni na rubuta shi a saman shafin da hannuna.

Abin da ya fi ci mini rai, manajan da ya yi maganar tuni aka shirya da shi. Ya kai wa Malam turare, ya durƙusa, an wuce wurin. Yanzu shi kaɗai ke shan shayin filas ɗin. Shi ya faɗa ne kawai, ni kuwa na sa maganar ta zama gaskiya, wannan ne laifin da ba ya goguwa.

Da ƙaramar Salla na shirya na tafi gidan Malam a Ƙofar Guga kamar kowace shekara, na ce a gida dai ba Malam ba ne, Baba ne. Na same shi a falo da baƙi. Na cire takalmi, na durƙusa, gaisuwata a jere cikin bakina, wadda shi ya koya mini tsawonta. A da sai ya tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tsokane ni cewa na rame, ya ƙwala wa matarsa Hajiya kira a kawo wa ɗiyarsa tuwo.

Na ce, “Baba, barka da Salla.”

Ya ɗago ya dube ni, fuska a sake, babu alamar fushi ko kaɗan. Ya ce, “A'a, Malama ce? Barka kadai. An gode da ziyara.”

Ya juya ga baƙonsa suka ci gaba da maganar farashin gero. Na ɗan ƙara jira a durƙushe ko akwai saura. Babu. Na tashi na nemi takalmina.