Ranar da Iya Benneba Ta Hana Bishop Shiga

Iya Benneba gajeruwa ce, amma in ta tsaya a ƙofar majami'armu ko kaza ba ta samun wurin ratsawa. Ni Juba maƙwabciyarta ce, tafki ɗaya muke wanki a kai tun ina sabuwar amarya, kuma zan iya rantsewa ban taɓa ganin ta ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ni ma ba ta ɗaga mini ba, za ku ji.

A gonar rake aka haife ta, nan tsibirin Antigua, baiwa 'yar baiwa. Wanki ta gada wurin uwarta, ta wanke rigunan gidan mai gona har hannayenta suka yi kaushi. Tana budurwa masu wa'azin Methodist suka fara zuwa ƙauyenmu. Ta saurara sau biyu, a na uku ta cire 'yan kunnenta ta miƙa wa ƙanwarta, ba ta sake sa komai mai ƙyalli ba. Tsiyar Iya ke nan. Abin da wasu ke ɗauka da cokali, ita da ludayi take ɗiba.

Duk wata uku Rabaran kan ba kowane ɗan aji, wato cikakken ɗan majami'a, tikiti, 'yar takarda ce da ba ta cika tafin hannu ba, da aya ɗaya da sunan mai ita. Da shi ake shiga liyafar ƙauna, inda ake rufe ƙofa, a zagaya da burodi da kofin ruwa mai hannu biyu, kowa ya miƙe ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. In mutum ya mutu kuma, tikitinsa ake sa masa a hannu, 'yan aji su raka shi kabari da waƙa. Wanda aka karɓe nasa, shiru ake binne shi, dangi kaɗai. Mu da ba mu mallaki ko kanmu ba, takardar nan ita ce abu ɗaya da aka rubuta sunanmu a kai don a karrama mu, shi ya sa muke ji da ita.

Mijin Iya, Baba Mingo, mai haɗa gangunan katako na zuba sukari ne, dogo, mai dariya da kafaɗu. Kuma yana da goge. Wata shekara da aka gama yankan rake aka yi rawa ran Lahadi, shi ya yi kiɗa, har masu tikiti uku suka manta da kansu suka shiga fili. Ukun nan suka yi kuka gaban aji aka yafe musu. Mingo kuwa aka karɓe tikitinsa, aka ce sai ya tsaya gaban jama'a ya ce ya bar goge har abada. Ya ce zai yi tunani. Rabaran huɗu suka zo suka wuce, don ba a barin mai wa'azi ya daɗe a wuri ɗaya, kowanne ya bar wa na bayansa labarin, Mingo yana nan yana tunani.

Amma bai daina zuwa ba. Duk ranar liyafa sai ya sa rigarsa mai tsabta, ya rako matarsa, ya zauna gindin tsamiyar da ke gefen ƙofa. A watan da aka kore shi ne Iya ta nemi a ba ta tsaron ƙofa. Mutane suka ce tana son nuna ba ta goyon bayan miji. Ni na san ba haka ba ne. Ba ta iya zama ciki tana cin burodi shi yana waje shi kaɗai, shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya tana cin nata a tsaye, ido ɗaya a kan ƙofa, ɗaya a kan tsamiya.

A shekarar da nake ba ku labari Mingo ya fara wani tari mara daɗin ji, ya rame, wandonsa sai da igiya. Wata rana muna wanki Iya ta ajiye sabulu ta ce mini, "Juba, tsohon banzan nan mutuwa zai yi ba tikiti. Za a kai shi rami shiru kamar jaki." Ban taɓa jin muryarta ta karye ba sai ranar. Na ce ta bar shi ya shiga mana sau ɗaya, wa zai yi magana? Ta kalle ni kamar na ce ta saci kofin.

Ana cikin haka aka sanar Bishop Alden zai tsallako daga Amurka ya ziyarci tsibiran nan. Tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa a kan doki da jirgin ruwa yana kafa majami'u, mu dai sunansa kawai muke ji. Aka ce Lahadi ta biyu zai iso. Aka share fili, aka goge masa kujera, maza suka ari keken doki. Ba wanda ya tuna cewa iska ba ta bin sanarwar Rabaran. Jirginsa ya iso mako guda kafin lokaci, a ranar liyafa.

Ni ranar ina waje. Na wanke zanina da tikitin a ƙulle a gefensa, ya zama kamar tuwo. Na nuna wa Iya ragowar, na ce ai ta san ni.

"Na san ki sarai, mai mantuwa ce ke," in ji ta. "Je ki zauna da Mingo."

Haka na zauna gindin tsamiya ina cika ina batsewa. An rufe ƙofa an fara waƙa ke nan sai ga wani ɗan tsohon Bature yana jan alfadari, shi a ƙasa, alfadarin yana bin sa in ya ga dama. Gwiwoyinsa duk taɓo, hularsa ta lotse, da gani dabbar ta kayar da shi a hanya. Ya ɗaure ta, ya nufi ƙofa kai tsaye. Ku sani, samarin Turawan gonaki sun sha zuwa yi mana tsiya, har akuya suka taɓa sakar mana ana tsakiyar addu'a, don haka farar fata ba ta buɗe ƙofar Iya.

"Tikiti," ta ce.

"Uwa, baƙo ne ni, ɗazu na sauko daga jirgi."

"Sannu da hanya. Tikiti."

"Ba ni da shi. Ni ne Bishop Alden."

"Madalla! Ni kuma matar gwamna ce, wankin nan don nishaɗi nake yi. Bishop sai Lahadi mai zuwa, kuma a keken doki zai zo. Kai ko alfadarinka bai yarda da kai ba, ni zan yarda?"

"To, a kira mini Rabaran Dobbs."

"Rabaran yana addu'a, ba a katse shi. Ga inuwa can. Ga mai gidana nan, shekara goma sha ɗaya yana jira, bai mutu ba."

Tana faɗin kalmar ƙarshen nan ta juya fuskarta wajen bango. Baturen ya kalle ta, ya kalli tsamiya, ya cire hula ya zo ya zauna a kan saiwa tsakanina da Mingo.

"Ta kore ka?" in ji Mingo. "Kada ka sa a rai, Bature, ba ƙiyayya ba ce. Ni da take dafa wa abinci ma haka take mini. Wannan kuma Juba ce, ita wanke tikitinta ta yi."

"Ba sai ka faɗa wa kowa ba, Baba," na ce.

Daga ciki waƙa ta tashi. Mingo ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

"Ji, ji! Sun sake saukowa inda ya kamata su hau. Ɗan'uwa Prince ne ke jan su, shi kuwa kunnensa na ado ne."

Sai ya ɗauki waƙar ƙasa-ƙasa, ya kai ta inda ya kamata, tarin yana katse shi yana komawa. Baturen ya juya gaba ɗaya yana kallonsa.

"Wa ya koya maka?"

"Bangon nan. Duk wadda suka yi sai ta biyo ta nan."

"Me ka yi aka fitar da kai?"

Mingo ya ba shi labarin gogen, bai rage komai ba, har da yadda matan aji uku suka yi rawa, wanda ba a tambaye shi ba. Baturen ya ce yanzu ina gogen? Mingo ya miƙa masa hannayensa. Yatsun sun kanannaɗe, gaɓoɓin sun kumbura, aikin haɗa ganguna ya cinye su.

"Yana rataye. Shekara huɗu rabona da shi."

"Shekara huɗu! To me ya hana ka faɗa wa Rabaran?"

"Cewa aka yi in ce na bari. Ni ban bari ba, yatsun ne suka bari. Yau in suka miƙe, gobe ka ji ni a dandali. In tsaya gaban aji in yi ƙarya saboda takarda? Haba, Bature."

Na riƙe baki. Ina zaune katanga ɗaya da mutanen nan, ban lura gogen ya yi shiru ba. Daga baya na ji Iya ta sha roƙonsa ya je ya faɗi kalmar nan kawai, ya ƙi. Ita kuma ba ta kai maganar wurin Rabaran ba, wai ba a yi wa wani tuba. Taurin kai biyu a ɗaki ɗaya, ban san yadda rufin bai tashi ba.

Baturen ya yi dariya har ya share ido, sannan ya daina, ya yi ta kallon ƙasa.

Da aka buɗe ƙofa Rabaran Dobbs ne ya fara fitowa. Yana hango mai taɓon nan sai fuskarsa ta yi ja, ta koma ta yi fari, ya taho da gudu yana "Ranka ya daɗe! Ranka ya daɗe!" Jama'a suka yi cirko-cirko. Duk ido ya koma kan Iya. Ita kuwa bakinta bai karaya ba.

"Da ya zo da tikiti," ta ce.

"Gaskiyarta," in ji Bishop. "Ni na sa hannu a wannan doka a wurare da yawa, yau ce rana ta farko da na ɗanɗana ta. Ɗan'uwa Dobbs, akwai sauran burodi? To a koma ciki. Rubuta mini tikiti biyu, nawa da na wannan dattijo."

"Ranka ya daɗe, ai bai tuba ba," Rabaran ya ce a hankali.

"Na ji tuba iri-iri, wata ko kwana uku ba ta kaiwa. Ban taɓa ganin wanda ya zauna waje shekara huɗu don gudun ƙarya ɗaya ba. Gogen Ubangiji ya riga ya karɓe da kansa, bai jira mu ba. Rubuta."

Biyu ya ce. Ni da na zauna da su tun farko ba wanda ya tuna da ni, sai da na yi tari da ƙarfi aka ƙara na uku. Har yau abin yana mini ciwo.

Bishop ya miƙa nasa, Iya ta duba ta ce ya wuce. Na miƙa nawa, ta ce in nisanta shi da ruwa. Sai Mingo. Ta karɓa ta duba gaba, ta duba baya, ta ɗaga shi wajen haske, ita da ba ta iya karatu ba.

"To, Benneba, na gaske ne ko in koma inuwa?" ya ce.

"Shiga, ka sunkuyar da wannan dogon kan, kada ka fasa mana ƙofa."

Ta ja ƙofar ta rufe daga ciki, ta zo ta zauna kusa da ni a ɓangaren mata. Rabonta da bencin nan shekara goma sha ɗaya. Da kofin ya iso wurin Mingo yatsunsa suka kasa riƙe hannayen biyu, Bishop ya tallafa masa ya sha. Aka ce ya miƙe ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Ya miƙe, ya daɗe yana kallon ɓangarenmu.

"Ya ba ni mata," ya ce. "Ta hana ni shiga nan sau arba'in da huɗu, kuma ba ranar da muka koma gida ba ta ba ni babban yankin kifi ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Aka yi dariya, har Rabaran. Iya ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi, ni kuma kuka nake ba kunya.

Bishop Alden ya yi kwana tara ya wuce wani tsibiri, ba mu sake ganinsa ba. An ce a teku ya rasu, yana kan hanyar wani wurin da ba a gayyace shi ba tukuna. Mingo ya samu liyafa ɗaya bayan wannan, ya kuma yi ta gyara wa Ɗan'uwa Prince waƙa a gaban jama'a har suka daina gaisawa. Kafin rake ya sake nuna ya kwanta, bai tashi ba.

Aji duka suka zo jana'izarsa, har na ƙauyukan da ke kusa. Kafin a rufe akwatin Iya ta kwance gefen zaninta ta fito da tikitin, ta buɗe yatsun nan da ƙyar ta sa shi a ciki, ta naɗe su a kai da hannayenta biyu. Ta sunkuya kusa da kunnensa, amma ni da ke gefenta na ji.

"Ka riƙe shi gam, tsoho. Ban san halin mai tsaron waccan ƙofar ba."

Sannan ta miƙe ta ce wa Prince ya fara waƙar, kuma ya hau inda ya kamata ya hau.