Hoton Inna a Gadon Asibiti

Shekarar da aka yi wa Inna aikin ciki, ni na yi jinyarta. A rana ta biyu Yaya, babban wanmu, ya zo dubiya daga rumfarsa ta Babbar Kasuwa. Ya tarar tana barci, kallabinta ya zame, furfura a waje, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Ya ɗauke ta hoto da wayarsa ta portabul, ya saka a gurup ɗin dangi, ya rubuta a taya mu da addu'a. Ina kallonsa, ban hana shi ba.

Bayan kwana uku Gwaggo ta kira daga Maradi tana kuka, wai ta'aziyya take min. Ashe hoton ya bar hannun dangi, ya bi waya-waya, a hanya wani ya rubuta masa "Allah ya jiƙanta" a ƙasa.

Mun so mu ɓoye wa Inna, amma da aka sallame ta wata maƙwabciya ta nuna mata, tana dariya. Inna, wadda ko surukanta ba su taɓa ganin gashinta ba, ta daɗe tana kallon hoton.

"Mutuwar ba ta dame ni ba, ai tana tafe," in ji ta. "Amma kaina a buɗe, a hannun mazan da ban sani ba?"

Washegari na sami Yaya a rumfa yana auna wa wata shadda. Na jira ta tafi.

"Yaya, ka goge hoton Inna."

"Ke, addu'a na nema mata. Laifi ne?"

"Ka tambaye ta?"

"Ai barci take."

"To, ka gani."

Ya ciro wayarsa, ya goge. Sannan ya ce abin ya zama zarar bunu, ya riga ya bazu, in haƙura. Na ce ban haƙura ba.

Na bi nimeron wayar ƴan gurup ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kowa abu biyu nake roƙonsa: ya goge, ya kuma faɗa min wa ya tura wa. Wasu suka ba da haƙuri. Kawu ya ce boko ne ke ɗibata, ya kashe waya. Sahun ya kai ni har kasuwar Petit Marché, wurin wata Bazabarma mai sayar da yaji da ba ta taɓa ganin Inna ba. Da na yi mata bayani ta dafe ƙirji, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Tana da rai? Ni kullum ina yi mata addu'ar matattu!" Ta miƙo min wayarta na goge da hannuna, ta ƙulla min citta in kai wa Inna.

Sati uku na yi a haka. Na san ban kamo duka ba; har yau hoton na nan a wayar wani. Amma na rubuta a gurup cewa daga ranar ba a saka hoton marar lafiya sai da izininsa, na gawa kuwa ko da izinin wa. Kawu ya fice daga gurup ɗin da kansa. Yaya ne ya fara rubuta ya amince, da la'asar kuma ya zo ya durƙusa gaban Inna. Sai da ta gama lazimi, ta sha kununta, sannan ta ce ya tashi.