Tsagar Babana

Bayan yaƙin basasa ya ƙare muka dawo Enugu, ni da Inna, ba tare da Baba ba. Ya rasu a can gida Gobir kafin a buɗe hanya. Abin da ya rage mana na kamanninsa wani ɗan mitsitsin hoto ne mara kala, wanda ya ɗauka don katin kasuwa tun yana sayar da albasa a kasuwar Ogbete. Inna naɗe shi take yi da ƙyalle ta tura ƙasan akwati.

Da kuɗin mai ya fara yawo a gari, kowa ya so ya ga fuskarsa a bango. Na samu aiki a shagon wani mai zane a bayan kasuwa. Mutum ya kawo ƙaramin hoto, mu mayar masa da shi babba a kan allo da fenti. Mun san abin da masu kawo aiki suke so: a ƙara hasken fata, a cika kumatu, a kawar da duk wani tabo. Na ƙware, har kaina ya fara girma. Ga suma na tara, ga wando mai faɗin ƙafa, ga Ibo da Broka a bakina kamar ruwa. A Enugu aka haife ni, ba a yi mini tsaga ba, kuma ina jin daɗin yadda baƙo ba ya gane daga ina nake.

Wata rana Inna ta miƙo mini ƙyallen nan. Ta ce, "Tunda kana yi wa mutanen gari, ka yi mini na babanka. Amma ka kula da shi, ba ni da wani."

Cikin kwana biyu na gama hula da riga. Rigar na yi mata shuɗi mai duhu, na sa inuwa a ninkin kafaɗa har kamar ka taɓa. Fuska ce ta tsaya. Baba baƙi ne sosai, kuma yana da tsagar Gobirawa tun daga gefen baki har kusa da kunne. Ina haɗa ruwan ƙasa da ɗan baƙi sai abokin aikina ya leƙo ta bayana, ya tuntsire da dariya. Ya tambaye ni da Broka ko damisa ce ta yakushe mutumin, kuma wane ne shi.

Na ce, "Wani mai albasa ne."

Haka na faɗa, da bakina. Har na taya shi dariya.

Da ya juya sai na ƙara fari a cikin fentin. Na ce bari in ga yadda zai yi in babu tsagar, na ɗiga kalar a kan kumatun ƙaramin hoton, da nufin in goge nan take. Aka kira ni wani aiki, na dawo fenti ya kama. Na sa kananzir a tsumma na dirza, takardar ta ɗaye, rabin fuskar ya tafi. Hankalina ya tashi. Na ce to in mayar da tsagar a babban allo, in rage laifi. Na ɗaga burushi, sai na gane ban san yawansu ba. Shekara ashirin ina kallon fuskar ubana, ban taɓa ƙirgawa ba.

Haka na ƙarasa shi da kumatu sumul, fari tas kamar wani ma'aikacin banki, na kai gida bayan la'asar. Inna tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Ta shafa kumatun da yatsa.

Ta ce, "Rigar ta yi kyau. Kawo ƙaramin in adana."

Na zaro shi daga aljihu na ajiye a gabanta, idona a ƙasa. Na jira zagi, wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tandun kwallinta. Ta ɗora allon a cinya, ta tsoma tsinke, ta fara ja daga gefen baki zuwa kunne tana ƙirgawa a hankali, shida a wannan kunci, bakwai a wancan. Layukan suka fito a karkace a kan fentina mai santsi. Sai a lokacin na ga Baba.

Ta hure burbushin kwallin, ta jingina allon da bango, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Mantawa ka yi, ko?"

Ta san ba mantawa na yi ba, hanya ce ta buɗe mini. Ni kuwa na ce mata e.