Rubutun da Kaka Ta Sha

Ranar Lahadi ce da hantsi, ranar kasuwar Tawa, cikin zafin bazara, shekarar da nake aji uku a lakwal, makarantar boko. Ina zaune a gindin bedi, darbejiyar tsakar gidanmu, ina ɓarar gujiya, ina jefa biyu a ƙwarya ɗaya a baki. Inna da Baba sun tafi kasuwa da ƙanena Sha'aibu, sun bar ni gadin Kaka, mahaifiyar Baba, wadda kwananta biyu da zuwa daga ƙauyenmu na wajen Affala don a yi mata allurar ciwon gwiwa. Ta fito daga ɗaki tana dafa bango, sai idonta ya faɗa kan allon da ke jingine a ƙofar Baba, baƙi wuluk da sabon rubutu. Ta ɗauka da hannu biyu, ta kai shi kusa da fuska ko da yake ba ta karatu, ta ce, "Ke Ramatu, wanga rubutu na mi ne?" Ban ko ɗaga kai daga ƙwaryar ba na ce, "Na ciwon gwiwa ne, Kaka. Baba ya rubuta miki." Ta ce, "Allah shi yi ma ubanki albarka." Ni da hannuna na ɗebo mata ruwa a randa. Ta yi bisimilla, ta wanke allon tas a ƙaramar ƙwarya, ta shanye, ta shafa ragowar a gwiwoyinta biyu.

Babu aya ko ɗaya a kan allon nan. Kalmomi biyar ne na Ispaniyanci, darasinmu na wannan mako: ruwa, gishiri, wuta, albasa, akuya.

Mazan unguwarmu kusan duk 'yan bida ne. Da an gama girbi sai su watse, wasu Abijan, wasu Libiya, su dawo da babur ko rediyo, a zuba wa ɗaki kwano. Baba shi ya zarce kowa nisa. Ina da shekara biyu ya tafi, ya haye har Ispaniya, ya yi shekara shida yana tsinkar tumatir da tattasai a cikin gonakin da aka rufe da leda. Ba shi da takardu, wata rana aka kama shi aka sako shi jirgi. Ya shigo gida da jaka ɗaya da wata rigar sanyi mai kauri wadda ba ta da amfani a garinmu sai kwana kaɗan a shekara. Mutane suka zo barka da zuwa, suna shan hura suna satar kallon jakar. Ni kaina na zaga bayanta na taɓa, ina neman alawa. Ba a yi wata guda ba ya sayo allo wajen masassaƙi, ya dafa tawada, ya fere alƙalamin kara, ya shimfiɗa tabarma a gindin bedi ya kira ni da Sha'aibu. Ya ce, "Komi sun amshe mini a can. Wanga kaɗai na cikin baki ba su iya amsa ba, shi zan raba muku."

Baba bai yi lakwal ba, makarantar allo ya yi, don haka da baƙaƙen Larabci yake rubuta mana harshen Turawan. Kullum bayan la'asar sai ya jingina allon a gwiwarsa, ya nuna da tsinke, ya faɗa mu maimaita. Bai tsaya a tabarma ba, gidan duka ya zama makaranta. In kana son ruwa sai ka ce agwa kafin Inna ta miƙo moɗa, ita kuma tana dariya tana cewa an mayar mata da gida ƙasar waje. In muna kora awaki turke da magariba sai mun ƙirga su, uno, dos, tires, har bakwai. Ranar shuka a gonarmu ta hanyar Kalfu yana gaba yana sara da sungumi, muna baya muna jefa hatsi muna rufewa da diddige, kowane rami da lambarsa. Bai taɓa ɗaga mana hannu ba. In ka manta, sai ya dube ka ya sake faɗa a hankali, ya sake, ya sake, har ka gwammace da duka ne. Sha'aibu yana son abin kamar me, yana bin kaji yana yi musu Ispaniyanci. Ni kuwa na tsane shi.

Dalilina ba wani babba ba ne. Lokacin darasi shi ne lokacin da 'yan matan layinmu ke fitowa carafke da gaɗa, ina jin tafinsu ta bayan katanga ina zaune ina kiran sunan albasa. Ga shi a lakwal mushe, malamin ajinmu, na fama da mu da Faransanci, da asuba malam na fama da mu da hadda, na ga kamar kaina ya cika. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan da aka sa mana a famfo, 'yan agwa-agwa. In na ajiye bokiti a layi sai wata ta ce a matsa wa Baturiya. 'Ya'yan masu babur ne ke faɗa, ni kuma a raina ina jin haushin Baba da ya tafi mafi nisa ya dawo da abin da ba a hawa, ba a ci, ba a sa wa a jiki. A wannan Lahadin za a yi mana tambaya bayan la'asar, wanda bai haddace ba ba ya fita sai ya iya, ga shi ana gaɗar suna a gidan ƙawata. Ban haddace ko ɗaya ba. Da Kaka ta yi tambayarta, lissafin da na yi shi ne in allo ya wanku babu darasi. Iyakar hankalina ke nan a lokacin.

Da azahar suka dawo. Kaka na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, fuskarta fes, ta ce wa Baba ta sha rubutun, har ta fara jin sauƙi. Baba ya dubi allon da ke shanye a rana, fari fat, ya ajiye kayan cefanen da ke hannunsa a hankali. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, ki gahwarce ni. Ba aya ba ce, karatun yara ne." Sai Kaka ta juyo ta dube ni, sau ɗaya, ni kuma na duƙufa kan gujiya kamar an ce in na ɗaga kai za a yanka ni. Na jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba, ta dafa bango ta shiga ɗaki, Baba ya bi ta. Ba a yi darasi ranar ba, na je gaɗa, har na yi waƙa.

Da abin ya tsaya nan da ya mutu a cikin gida. Amma bakina bai taɓa iya riƙe labari ba, kuma ina ƙishin ranar da za a yi dariya tare da ni, ba a kaina ba. Litinin da aka fita hutun tsakiya, muna layin mai ƙosai, na tara yara na ba su labarin. Na cire kaina daga ciki tsaf, na ce Kaka ce ta gani ta ɗauka. Na kwaikwayi tafiyarta da ɗingishi, na kafa kai a tafin hannu ina kurɓa, na shafa gwiwa, sannan na sauya murya na yi irin ta Baba yana jan kalma a hankali. Yara suka yi ta faɗuwa ƙasa. Ranar babu wadda ta ce mini Baturiya, har ƙosai aka saya mini. Kafin magariba labarin ya riga ni isa unguwa.

Mako bai cika ba yara suka yi masa waƙa, wai tsohuwa ta sha akuya da albasa. In Baba ya wuce fadar masu shayi sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Asumana, a rubuto muna raƙumi guda, baya ka ciwo." Ya yi murmushi ya wuce. Malamin unguwa ya kira shi zaure, ni ina laɓe a bayan ƙofa da tulun da aka aike ni da shi. Bai yi masa faɗa ba, amma ya ce allo da baƙaƙen nan suna da alfarma, bai kamata a rubuta wani abu a bari a sarari har tsohuwa ta ruɗu ba. Na ji Baba ya ce, "Gaskiya ne, malam, laihina ne." Ina tsaye, kalma ɗaya ta ishe ni in wanke shi, na ɗauki tuluna na wuce. Kaka kuwa ranar da yara suka bi ta da waƙar a hanyar asibiti ta ɗaure kayanta. Allurarta saura uku, Baba ya roƙe ta, ta ce ita dai a kai ta tasha. Ba ta sake kwana a Tawa ba sai bayan shekaru.

Washegarin tafiyarta la'asar ta yi, Sha'aibu ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana jira. Baba ya fito da allon, ya miƙa hannu ya soke shi a saman azarar ɗakinsa, ya ce mu je mu yi wasa. Sha'aibu ya yi kuka. Ni na fita da gudu, na sami abin da nake so, amma carafken bai yi mini daɗi ba, duwatsun sai zubewa suke daga hannuna. Daga ranar ruwa ya koma ruwa a gidanmu, awaki kuma da Hausa ake ƙirga su. Kaka ta ci gaba da aiko mini da cuku da magarya duk wanda zai zo daga ƙauye, in mun je hutu ta ja ni jikinta ta yi mini kitso. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba, har Allah ya karɓi ranta ina aji biyu a kwaleji. Wannan ita ce kunyar da ba ni da inda zan kai ta.

Bara na je gida da ɗiyata Hajara, mai sunan Kaka, shekararta shida. Baba ya tsufa, idonsa ya rage, yawancin yini yana gindin bedin nan. Yarinyar tana tsalle a tsakar gida tana ƙirga, uno, dos, tires, abin da ta tsinta a wani wasan yara na cikin wayata. Ta kai uku ta tsaya. Sai na ji daga tabarma an ɗora mata da Ispaniyanci, huɗu, biyar, har goma, da muryar da na yi shekara ashirin ban ji ba. Hajara ta ruga ta faɗa jikinsa tana tambaya a ina ya iya. Na jira ta tafi wajen Inna, na durƙusa a gefen tabarmar na faɗa masa duka, ƙaryar, da ruwan da na ɗebo, da layin mai ƙosai.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na sani. Tun ranar kakarki ta hwaɗa mini cikin ɗaki." Na ce to me ya sa ya bari malam da 'yan fada suka ɗora masa. Ya ce, "Babba in anka yi mishi dariya, kwana nawa ne. Ɗiya kau in anka ce ta yi ma kakarta ƙarya da sunan aya, abin na bin ta har girma. Ni da kakarki munka ce a bar shi." Sai na tambayi abin da ya fi damuna, me ya sa ya daina koya mana. Ya shafa tabarma da tafin hannu ya ce, "Na ga ba ki so ne, Ramatu. Ban san ƙin ya kai haka ba. Da na sani da ban matsa miki ba." Babu zargi a muryarsa ko kaɗan, haƙuri ma yake ba ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A da muna da malami a tsakar gida, wanda ya haye teku ya sha wuya ya ɗauko harshe sukutum ya kawo mana kyauta, na sayar da shi a kan ƙosai da dariyar yini ɗaya. Yanzu ni ce nake bin waya ina neman wanda zai koya wa ɗiyata kalma goma, ina saurarar muryar da ba ta san sunan kowa ba. Kafin mu koma, Baba ya sa aka sauko da allon daga azara, gara ta ɗan ci gefensa. Ya rubuta a hankali, Hajara na zaune a gabansa ta tanƙwashe ƙafa, yana nunawa da tsinke tana maimaitawa da ƙarfi. Na zauna a bayansu, a bakin tabarma, ina bi a hankali yadda ba za su ji ba. Darasin da ya fara mata shi ne wanda aka tsaya a kai.

Ruwa, gishiri, wuta, albasa, akuya. Yanzu kam na haddace, Baba.