Alƙaliyar Gawarwaki Marasa Suna

Shekara ashirin da shida, Doña Casilda Barrientos ba ta taɓa shiga kotu da safe ba sai ta bi ta maƙabarta. Takan sha kofinta a tsaye, ta ci burodi da man zaitun, ta hau tudu a ƙafa, ta tsaya gaban bangon nan mai ramukan kabari, inda ake saka gawarwakin da teku ya turo mana. Daga can sai ofis, takalminta duk ƙasa. Ni ne magatakardanta, Eusebio, kuma na sha yin mita a kan ƙasar takalmin nan.

Kowa a garinmu ya san abin da ke biyo bayan iskar gabas: kwale-kwalen baƙin haure ya kife, bayan kwana uku masunta su tsinci mutane. Kafin zuwanta, alƙali kan sa hannu, a manna lamba, a rufe fayil kafin abincin rana. Ita ta ƙi. Ra'ayinta, wanda ta rubuta a hukunci fiye da ɗari, shi ne shari'ar mutuwa ba ta ƙarewa sai kotu ta iya faɗin wanda ya mutu. Aka ce mata haƙƙin mutum yana ƙarewa da numfashinsa, ta ce ban da sunansa. Sau biyu babbar kotu tana soke hukuncinta. Yau ɗaliban shari'a suna haddace kalmominta, ko fuskarta ba su sani ba. Sa'o'inta kuwa tuni suna Madrid a manyan kujeru.

Doña Casilda, ke ce kika hana a ƙone tufafin mamatan, kika sa a ɗauki hoton kowane tabo da kowane zobe. Ke ce kika ajiye wata riga shekara goma sha ɗaya, har wata mata ta zo daga Senegal ta gane ɗinkin hannunta a wuyan rigar mijinta. Fulgencio mai binne gawa yana wurin. Ya ce mini shekara talatin yana rufe mutane bai yi hawaye ba, amma ranar sai da ya ɓuya a bayan itace. Mutum goma sha tara kika mayar wa sunansu. Saura arba'in da uku.

A kan waɗannan ake rigima. Hukumar gari tana son ramukan bangon, tana so a kwashe ƙasusuwan a zuba a rami ɗaya, kuma da zarar sun gauraya babu gwajin da zai sake gano kowa. Umarninta kaɗai ya tare hanya. Magajin gari ya taɓa zuwa ofis yana huci.

“Mai Shari'a, namu ma fa suna mutuwa. Ko surukata a firij zan ajiye ta?”

“Surukarka tana da suna, ranka ya daɗe. Duk inda ka sa ta za a same ta.”

Ba zan ce tana da sauƙin kai ba. Bakinta da kaifi, ni ma ya sha yanka ta.

Watan jiya ta cika saba'in, ta yi ritaya. Wanda ya gaje ta ba mugu ba ne, fayil ɗari shida ya tarar, a mako na biyu ya ɗage umarnin. An sa ranar kwashewa ɗaya ga wata.

Ranar Litinin na buɗe tagar karɓar takardu, sai na hango ta a layi, bayan wani da ya kawo ƙarar karen maƙwabcinsa, tana riƙe da takardar koken hana kwashe ƙasusuwan. Na ce ta zagayo ta ƙofar ciki.

“Layi zan bi, Eusebio, yanzu ni 'yar gari ce. Buga hatimi, ka daina kallona kamar an yi maka rasuwa.”

Na buga. Na san da wuya koken ya yi nasara, ita ma ta fi ni sani, kuma abin yana ci mini rai.

Mun gode, Doña Casilda, uwar marasa suna. Mun gode a madadin iyalan da ba su ma san za su gode miki ba, domin har yau suna jiran mutuminsu da ke kwance a tudunmu.

Ku kuma mutanen gari, ba sai kun karanci shari'a za ku bi sawunta ba. A ƙasan kokenta akwai gurbin sa hannu, kuma zuwa yau suna biyu ne a ciki, nata da na Fulgencio. Ni aiki ya ɗaure mini hannu, ina kuma jin kunyar hakan. Tagar tana buɗewa ƙarfe tara. Saura kwana goma sha ɗaya.