Turkuɗin Inna

Ni na wanke shi, da hannuna na jefa shi a mashin ɗin wanki.

Inna, mahaifiyata, ta zo Lyon daga Damagaram ne don jegona. Ta zo da turkuɗinta, mayafin nan baƙi wuluk mai ƙyalli da ake rinawa da shuni. Duk inda ya taɓa sai ya bar shaida. Wuyanta shuɗi, matashin kujera shuɗi, har kumatun jaririyata. Da ungozomar asibiti ta zo duba mu ta tsorata, ta ɗauka numfashi ne ya gagari yarinya. Kai, na ji kunya! Washegari Inna na wanka na ɗauke turkuɗin na wanke.

Ya fito fari-fari, yamutsattse, ba ƙyalli ko kaɗan. Na girma a birni, amma wallahi na san ba a wanke turkuɗi. Haushi ne ya rufe mani ido.

Kuma na san tarihinsa. Kakana a gonar aro yake noman baba, ganyen da ake yin shuni da shi. Zamanin Nasara kumandan, Baturen mulki, ya ce gujiya yake so, mai gona ya ce a tuge baba ko a tashi. Aka tuge. Da girbin ƙarshe aka rina wannan, kakata ta yafa, ta bar wa Inna.

Na ɓoye turkuɗin, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. A unguwar Goutte d'Or na shiga shagon wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sayar da yadi. Bayan gaisuwa ya zube mani kala biyar.

"Na baba nake so, Alhaji."

Ya yi dariya. "Ƙanwata, wa ke noman baba yanzu? Duk garin rini ne na gwangwani."

Na sayi ɗaya haka nan.

Da na dawo, Inna ta sansana sabon, ta ajiye gefe. Na fiddo nata ina kuka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana shafa shi a cinya, sannan ta ɗago.

"To, ruwan da ya fita fa, 'yata? Kawo mu sake tsoma shi a ciki."

Na rasa ta inda zan fara gaya mata yadda mashin yake zubar da ruwa.